Yoyon Tururi Ba Ya Ba Da Rasit

Idan masu masana'antu suka haɗu a Yerwa, ko da a wurin ɗaurin aure ne, ba a daɗewa hira take komawa kan tsadar makamashi. Ba a kuma ga laifinsu ba. Tun watan Janairun 2021, lokacin da 'yan ta'adda suka kayar da turakun babban layin wutar da ke zuwa mana daga Damaturu, garin nan ya san zaman duhu. Tashar lantarki mai aiki da iskar gas da aka ƙaddamar a hanyar Baga cikin watan Maris na 2023 ta rage zafin abin, amma ba ta raba masana'anta da janareta ba. Kafin shekarar ta ƙare litar man dizal ta haura naira 1,000, mu kuma da tazarar da ke tsakaninmu da Legas ta fi kilomita 1,500, kuɗin dakon kowace lita a kanmu yake ƙarewa.

Duk wannan haka yake. Amma akwai wani kaso na wannan kuka da ba Abuja ce ta ɗora mana shi ba. A cikin harabar masana'antarmu yake, yana huci daga asuba har dare, kowa na wucewa ta gefensa. Ina nufin yoyon tururi. Abin da na tsaya a kai shi ne, mai masana'anta ba zai taɓa gyara yoyo ba muddin ana kiransa "ɗan huci". Ranar da aka rubuta masa shi da naira, ranar zai aika a kira mai walda.

Na koyi aikin boila a Kakuri da ke Kaduna a shekarun 1980, lokacin da masaƙu ke aiki ba dare ba rana, daga baya na dawo gida na ci gaba da sana'ar a injinan shinkafa da na matsar man gyaɗa. Mutane da yawa suna ɗauka tururi abin manyan kamfanoni ne na Legas da Kano. A'a. Shinkafar da ake nomawa a fadamar Jere da Zabarmari sai an turara ta kafin a casa. Mai matsar gyaɗa da babban inji yana ɗumama ta da tururi don mai ya sauka. Manyan asibitoci da tururi suke kashe ƙwayoyin cuta a kayan tiyata. Duk inda ka ga dogon bututun hayaƙi da tankin ruwa a gefensa, akwai tukunyar da ke cin mai, ko itace, ko ɓuntun shinkafa, don ta mayar da ruwa tururi.

Me ya sa tururi ke da tsada haka? Saboda tafasa ruwa ba shi ne babban aikin ba. Wutar da ake bukata a mayar da tafasasshen ruwa tururi ta ninka wadda aka ci wajen ɗaga shi daga sanyin tanki zuwa tafasa sau bakwai da wani abu. Wannan zafin duka yana ƙunshe a cikin tururin, shi ne kuma abin da muke saye da kuɗinmu. A tukunyar da gejinta ke nuna 7, wato awon ƙarfin da ake kira "ba", zafin tururin yana kai digiri 170. Idan ya kuɓuce ta tsagar bututu, ya tafi da mai, ya tafi da ruwa, ya tafi da maganin da aka zuba wa ruwan, da wutar famfon da ya tura shi.

Lissafin ba shi da wuya, kuma ba sabo ba ne. Wani injiniya ɗan ƙasar Sikotlan mai suna Napier ya fitar da ƙa'idarsa tun ƙarni na 19. Ga yadda nake sauƙaƙa wa yarana ita. Ka auna faɗin ramin da milimita, ka ninka shi da kansa. Ka duba geji, ka ƙara ɗaya a kan abin da ya nuna. Ka ninka lambobin biyu, sannan ka ɗauki kashi uku cikin goma na abin da ya fito. Wannan shi ne kimanin kilo nawa na tururi ke fita a kowace awa.

Mu ɗauki rami mai faɗin milimita 3, wanda ƙwayar dawa ma ba za ta wuce ta cikinsa ba. Uku sau uku, 9. Geji na kan 7, a ƙara ɗaya, 8. Tara sau takwas, 72. Kashi uku cikin goma na 72 ya kama kusan kilo 22 a awa. Tukunya mai lafiya, wadda ba a dawo mata da ruwan zafi, tana samar da kimanin kilo 11 na tururi daga litar dizal guda. Ke nan wannan ɗan ramin yana shan lita 2 a kowace awa. Idan injin na aiki awa 16 a rana, kwana 300 a shekara, awa 4,800 ke nan, lita 9,600. A ɗauka lita naira 1,000 ce cif, don sauƙin lissafi: naira miliyan 9 da dubu 600 a shekara, dubu 800 a wata, daga rami guda. Ruwan da ya bi iska kuwa ya haura lita 100,000, fiye da jarka 5,000 mai cin lita 20, a garin da mutane ke sayen ruwa a hannun 'yan ga-ruwa.

Abin da ya fi ba masu injin mamaki shi ne yadda asarar ke tsalle. Idan ramin ya faɗaɗa daga milimita 3 zuwa 6, asarar ba ninki biyu take yi ba, ninki huɗu ce: lita 38,400 a shekara, fiye da cikin tankar mai ɗaukar lita 33,000. Rami kuma ba ya tsayawa inda ya fara. Tururi mai gudu yana cin ƙarfe a hankali, musamman idan yana ɗauke da ɗigon ruwa. Gaskit ɗin da za a canja yau da kuɗi kaɗan, idan aka bar shi wata shida sai an sake bakin bututun gaba ɗaya, saboda tururin ya riga ya yi masa kwari.

Ba zan ce wannan lissafin daidai yake har kwabo ba. Rami ba ya zuwa a zagaye sumul, kuma ba wanda zai kai ma'auni kusa da tururi mai zafin digiri 170 yana cikin aiki. Kiyasi ne. Amma ko da an yi kuskuren rabi, miliyan huɗu da ɗoriya ba kuɗin da za a tsallake a ƙasa ba ne. Wanda kuma yake son adadin da ba gardama a kansa, ga hanya mafi sauƙi. Ranar da ba a aiki, a kunna tukunya ta kai ƙarfinta na kullum, a buɗe tururi ya cika manyan bututu, a rufe bawul ɗin kowane inji. A jira komai ya ɗauki zafi, sannan a auna man da aka ƙona da ruwan da aka ƙara cikin awa guda. Ba a turara ko buhu ɗaya ba, don haka duk abin da aka ci a wannan awar asara ce zalla. Na taɓa yin wannan gwajin a gaban wani mai inji. Da muka gama ya daɗe yana kallon sandar awon mai, sannan ya ce, "Malam, kana nufin kullum haka nake yi?" Na ce, "Alhaji, kullum, har da ranar da kake Makka."

Yoyon da ido ke gani ma shi ne mai sauƙi. Akwai wata 'yar na'ura a jikin bututu da ake kira tirap, aikinta ta fitar da ruwan da ya taru idan tururi ya huce, ta kuma hana tururin kansa fita. Idan ta lalace a buɗe, tururi zai riƙa wucewa kai tsaye zuwa magudana ko tankin ruwa, ba huci a waje, ba alama. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta daɗe tana gaya wa masu masana'antunta cewa inda aka shekara uku zuwa biyar ba a duba waɗannan na'urori ba, kashi 15 zuwa 30 cikin ɗari nasu na iya zama sun lalace, inda ake kula kuwa bai kamata su kai kashi 5 ba. Can ke nan, inda kayan gyara ke kusa. A nan na ga wuraren da tirap ya toshe, maimakon a canja shi sai aka buɗe bawul ɗin gefe aka bar shi haka shekara da shekaru, har sababbin ma'aikata suna ɗauka haka injin ya zo daga kamfani.

Sai bututun da aka bari tsirara. Bututu mai faɗin inci 4 da ba a naɗe shi da audugar gilashi ba yana zubar da zafi kusan kilowat ɗaya a kowace mita. Mita 20 nasa sun yi kusan daidai da wancan ramin na milimita 3. Naɗi mai kyau yana tare kusan kashi 90 cikin ɗari na wannan asarar. Amma ka shiga injinanmu ka gani: an kware naɗin don a yi walda, ba a mayar ba, ma'aikata har shanya riguna suke yi a kai. Haka ruwan zafin da ke fitowa bayan tururi ya gama aikinsa, tsabtatacce, wanda ya kamata a mayar da shi tukunya, sai a sake shi ya bi kwata. Alhali duk ƙarin digiri 6 a zafin ruwan da ke shiga tukunya yana rage kusan kashi ɗaya cikin ɗari na mai.

To, idan abin a fili yake haka, me ya hana a gyara? An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A masana'anta ba haka ba ne. Wanda ya san inda ke yoyo shi ne yaron boila, shi kuwa bai taɓa ganin takardar kuɗin mai ba. Wanda ke ganin takardar shi ne akawu, shi kuma bai taɓa taka ɗakin boila ba. Idan yaron ya zo ya ce a saya masa gaskit da tirap biyu, abin da ke isa teburin mai gida shi ne bukatar kashe kuɗi, da adadi a rubuce, har da zargin ko yaron na son ya ci wani abu ne a ciki. Yoyon kuwa ba ya ba da rasit. Yana narkewa a cikin jimlar kuɗin mai, a ɗora wa gwamnati laifinsa gaba ɗaya. Bayan an kori yaro sau biyu da "ka bari sai bayan kaka", ya koyi darasi. Idan baƙo ya tambaye shi wannan hucin fa, sai ya ce, "Oga, ai numfashin injin ne."

Na san amsar da masu injin shinkafa za su ba ni: mu ba dizal muke ƙonawa ba, ɓuntu ne, kuma kyauta muke samunsa, tunda kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin shanshera ɓuntu ne. Gaskiya ne asararsu ta naira ba ta kai ta mai dizal ba. Amma kyauta ba ta nufin babu iyaka. Wancan ramin guda zai ci kimanin kilo 7 na ɓuntu a awa, fiye da tan 30 a shekara, kuma ɓuntu yana da masu saye: masu kiwon kaji, da matan da ke girki da shi, da masu dunƙula shi ya zama makamashi. Ƙarin ɓuntun da aka ƙona ƙarin hayaƙi ne da toka a kan rufin maƙwabta. Babbar asarar ma ba a nan take ba. Idan yoyo ya sa ƙarfin tururi ya faɗi, shanshera ba ta turaruwa daidai. Wata ƙwayar ta dahu har ciki, wata tsakiyarta ɗanye. Wajen casa ɗanyar ce ke karyewa, kuma kowa ya san bambancin farashin buhun tsayayyar shinkafa da na karyayya a Kasuwar Monday. Sai mai inji ya zauna yana mamakin yadda 'yar waje ta fi tasa kyan gani, yana zargin manomi da irin da ya shuka.

Masu ƙona itace kuwa, maganarsu ta fi nauyi a zuciyata. A Borno itace ba abin wasa ba ne. Hamada na matsowa daga arewa, kuma duk wanda ke garin nan ya san masu saran itace da suka fita daji neman abin kai wa iyali ba su dawo ba. Haka shinkafar kanta: ba mu manta da manoman Zabarmari da aka yi wa kisan gilla a gonakin Koshebe a watan Nuwamban 2020 ba, ba mu manta da gonakin da ruwa ya shafe lokacin da madatsar Alau ta ɓalle a watan Satumban 2024 ba. Abin da aka samo da irin wannan wahalar, malamanmu ba su bar mu cikin shakka ba game da hukuncin almubazzaranci da shi. Wannan ya shafi har matan da ke turara shinkafa a rabin duro. Murfin da bai zauna daidai ba, an toshe gefensa da tsummokaran buhu, yoyo ne shi ma, mace ce kuma ke biyansa da ƙarin itace da ƙarin hayaƙi a ido. Cibiyar AfricaRice ta kai wa mata a Lafiya ta jihar Nasarawa ingantattun tukwanen turara masu murfi mai kamawa da murhu mai tattalin wuta. Ban ga dalilin da zai hana irinsu yawaita a Jere ba.

Amsa ta biyu da masu inji za su ba ni ita ce ba za a iya tsayar da inji lokacin kaka ba, kayan gyara kuma sai an aika Kano ko Legas. Wannan uzuri ne na gaske, amma maganinsa shiri ne. Gaskit da zaren ɗaure wuyan bawul da tirap na ajiya ba sa ruɓewa a sito. Yawancin ƙananan yoyo aikin awa biyu ne idan an sauke tururi, bututu ya huce. Ina jaddada wannan: sai ya huce. Kada wanda ya karanta rubutun nan ya ɗauki sifana ya je ɗaure ƙusa a bututun da ke da tururi a ciki, kada kuma a nemi yoyo da tafin hannu. Daidai bakin ramin tururin ba ya ganuwa, sai ya ɗan yi nisa yake yin fari, kuma a wurin da ba ya ganuwar ne ya fi ƙuna.

Yanayin garinmu ma yana taya yoyo ɓuya. A watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, iska a bushe, farin tururin yana ɓacewa nan take. Wanda ke son ya ga gaskiyar injinsa ya zagaya da asubar hunturu, a Disamba ko Janairu, kafin rana ta fito. Wuraren da ya ɗauka lafiya lau suke zai ga suna tashi fari fat. Ya riƙe alli ko kwali da igiya, duk inda ya gani ya rataya masa alama, ya rubuta adadi: wannan dubu 800 a wata, wancan dubu 300. Daga ranar, duk wanda ya wuce ta wurin kuɗi yake gani.

Ba na cewa yoyon tururi ne ya kashe masaƙun Kaduna. Kamfanin saƙa na KTL da aka buɗe a 1957 ya rufe a 2002, sauran suka bi baya, kuma dalilan sanannu ne: atamfar fasa-ƙwauri, rashin wuta, tsadar baƙin mai, tsofaffin injina. Amma na ga yadda abin yake tafiya. Idan kamfani ya fara jin jiki, kuɗin gyara ake fara yankewa, daga nan kuɗin mai ya ƙaru, sai a sake yanke gyara. Ƙasashen da suka fita daga irin wannan ramin ba su jira mai ya yi araha ba. Bayan tashin farashin mai na 1973, Japan ta kafa dokar tattalin makamashi a 1979, wadda ta wajabta wa manyan masana'antu naɗa mutumin da aikinsa shi ne lissafin makamashi. Indiya ta yi tata dokar a 2001, ta kuma horar da masu binciken makamashi da ke zagaya masana'antu. Mu a nan, dokar masana'antu ta 1987 ta ce a duba kowace tukunyar tururi aƙalla sau ɗaya cikin wata 14. Doka ce mai kyau, amma damuwarta kada tukunya ta fashe ta kashe mutane. Ba ruwanta da ko rabin tururin yana bin iska.

Ga abin da nake nema, kuma babu wanda ke bukatar kasafin biliyoyi. Jami'ar Maiduguri da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ramat suna tura ɗaliban injiniya koyon aiki a masana'antu kowace shekara ƙarƙashin shirin SIWES, da yawansu kuma zaman benci suke yi har wa'adin ya cika. A ba kowane ɗalibi da aka tura inda ake da boila aiki guda: ya ƙirga yoyo, ya auna tsirarun bututu, ya gwada tirap, ya miƙa wa mai masana'anta takarda shafi ɗaya da jimla a ƙasa, malaminsa ya ba shi maki a kanta. Bankunan da ke ba masu injin shinkafa rance, da gwamnatin jiha idan za ta ba da tallafi, su nemi wannan takardar kafin su sa hannu, domin wanda ke zubar da lita 2 a awa da kuɗin rancen yake zubarwa.

Masu masana'anta kuma, abu uku. Ku sa mitar ruwa a bakin tukunya, ku riƙa rubuta mai ko ɓuntun da aka ci a kan kowane tan na shinkafar da aka turara, mako-mako, domin ranar da adadin ya tashi ku san wani abu ya buɗe. Ku zaunar da akawu da yaron boila a tebur ɗaya sau ɗaya a wata. Sannan idan gyara ya rage kuɗin mai, ku cire wani abu daga rarar ku ba wanda ya nuna yoyon, a gaban sauran ma'aikata. Farashin lita ba a hannunku yake ba, ku ci gaba da kai kukansa inda ya dace. Yawan litar da kuke ƙonawa kuwa a hannunku yake, kuma gwajin awa guda a ranar hutun da ke tafe ya isa ya nuna muku nawa ne a cikinta ba ta turara ko ƙwaya ɗaya ba.